Sunanmu Burton, an ce muna da gado a Ingila, Baba na shirin sayar da fili

Tambaya

Assalamu alaikum. Malam, daga Jos nake rubuto wannan, kuma hankalina ba a kwance yake ba. Sunan da gidanmu ke amsawa a makaranta da takardun aiki shi ne Burton. Mun gaje shi daga kakanmu, mahaifin Babanmu, wanda ya taso daga Lokoja ya yi aiki a kamfanin kuza har Allah ya yi masa rasuwa. A cikin dangi magana biyu ce: wasu sun ce mahaifinsa Bature ne, wasu sun ce a'a, aiki kawai ya yi a gidan Bature. Watan jiya wani mutum ya nemo ƙanena ta Facebook, ya ce shi wakilin lauyoyi ne a Landan. Ya turo hoton wani tambari mai garkuwa da hular ƙarfe, an rubuta Burton a ƙasa, ya ce na gidanmu ne, wai duk Burton na duniya tsatso ɗaya ne daga wani gidan sarauta. Ya ce wani Burton ya mutu ba magaji, ya bar gida da kuɗi, in muka biya naira miliyan 2 na buɗe fayil za a sa sunan Baba, har biza za a ba mu. Yanzu Baba ya ba dillali takardun filinsa, kuma ba ya jin maganar kowa. Don Allah mene ne asalin sunan nan da ma'anarsa? Da gaske ne duk masu shi dangi ne?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A je a karɓo takardun filin nan daga hannun dillali yau. Bayanin suna zai iya jira har dare, amma fili in aka sa hannu ya tafi ke nan.

Burton sunan wuri ne kafin ya zama sunan mutum. Kalmomi biyu ne na tsohon Ingilishi, wato harshen da ake yi a Ingila kafin Normawa su ci ƙasar da yaƙi a 1066. Ta farko *burh*, wurin da aka tsare da ganuwa ko kafi. Ita ce ke leƙowa a wutsiyar Canterbury da Peterborough da Middlesbrough. Ta biyu *tun*, ana jan wasalinta. Asalin ma'anarta shinge, daga nan ta koma gidan gonar da ke cikin shingen, daga nan ƙauye, har ta zama kalmar da Turawan yau ke kiran gari da ita. In ka haɗa su ka sami gidan gona mai kafi, ko ƙauyen da ke jikin wata tsohuwar ganuwa, ko gonar da ke ƙarƙashin wani birni. Wanne daga cikin ukun, ya danganta da wurin da ake magana a kai. Bahaushen da ya san Kafin Hausa da Kafin Madaki da Birnin Kudu ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Haka ma 'yan'uwan sunan suke: Newton sabon gari ne, Sutton na kudu, Norton na arewa, Weston na yamma. Barton kuma, da ake yawan rikita shi da Burton, daga kalmar sha'ir ya fito, gonar hatsi ke nan, ba ruwansa da ganuwa.

Za a sami mai cewa ai *burh* birni ne, *tun* kuma tunga, saboda haka sunan daga Hausa aka ɗauko shi. Kamar sauti ce kawai ta faɗo daidai. Kalmomin na dangin harsunan Jamus ne, har yau kuma Jamusawa na kiran shinge da 'yar'uwar *tun*.

Abin da ya kamata Baba ya ji da kunnensa shi ne Burton ba gari ɗaya ba ne. Garuruwa da ƙauyukan da ke amsa sunan a Ingila sun haura 20, daga arewa har kudu, kamar dai yadda ba ka rasa Tudun Wada ko Sabon Gari duk inda ka sauka a Arewa. Yawansu ne ma ya sa aka riƙa yi musu laƙabi don a bambance. Burton upon Trent a Staffordshire, wanda masu kallon ƙwallo suka sani saboda Burton Albion, an jingina shi da kogin Trent. Burton Latimer a Northamptonshire da Burton Joyce a Nottinghamshire sun ɗauki sunan iyalan da suka mallake su, Latimer da de Jorz. Burton Lazars a Leicestershire ya samo nasa daga gidan jinyar kutare na ƙungiyar Saint Lazarus. A gabashin Yorkshire kaɗai akwai Burton Agnes, Bishop Burton, Cherry Burton, Burton Pidsea, Burton Fleming da Burton Constable. Akwai ma waɗanda rubutu ne kawai ya haɗa su da sauran. Burton Bradstock na Dorset, a kundin ƙidayar filaye na Domesday na 1086, Bridetone ne, wato ƙauyen bakin kogin Bride. Bakin mutane ne ya tauna shi shekara da shekaru har ya koma Burton.

Yadda sunan wuri ke manne wa mutum kuwa, mun fi Turawa saninsa, don a gabanmu aka yi. Ba a kiran mutum da sunan garinsu yana zaune a garin, tunda kowa ɗan garin ne. Sai ya fita. Yaro ya bar gida ya je makarantar kwana, aka tarar da Aminu uku da Shehu huɗu a aji, sai aka rubuta Aminu Kano, Shehu Shagari, Isa Kaita, Sa'adu Zungur, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Haka aka yi a Ingila tsakanin ƙarni na 12 da na 14. Manomi ya bar ƙauyensu ya koma kasuwar da ke kusa, magatakarda ya rubuta shi John de Burton, wato John mutumin Burton. Wannan *de* ɗin na Faransanci ne, daga baya ya faɗi. Ubangidan ƙasa ma da sunan gandunsa ake kiransa, har in ya canza gandu ya canza suna: kakan kakannin George Washington, shugaban Amurka na farko, William de Hertburn, da ya karɓi gandun Wessyngton daga hannun Bishop na Durham a ƙarni na 12, sai ya koma William de Wessyngton. Zuwa wajen 1400 yawancin iyalan Ingila sun tsaya a kan suna ɗaya da ɗa ke gada daga uba.

To lissafa da kanka. Ƙauyuka sama da 20, kowanne ya yi ƙarni biyu ko uku yana fitar da mutane, bawan gona da maƙeri da ɗan mai gari, kowa aka ce masa de Burton. Waɗannan ba dangi ba ne tun ranar farko. Wanda ya ce maka duk Burton tsatso ɗaya ne, daidai yake da wanda ya ce duk mai Funtua a ƙarshen sunansa ɗan gida ɗaya ne, a zo a raba gado.

Ban da wannan, dokar Ingila ba ta hana mutum ɗaukar sunan da ya ga dama, muddin ba don zamba ba ne. Dubi shahararrun masu sunan. Richard Burton, ɗan wasan fim da aka haifa a Wales a 1925, Jenkins ne sunan gidansu, ya ari Burton daga malaminsa Philip Burton wanda ya riƙe shi. Montague Burton, mai kamfanin ɗinkin kwat da ya bazu a garuruwan Birtaniya, Bayahude ne daga Lituweniya, sunansa na yanka Meshe David Osinsky, ya shigo ƙasar a 1900. James Burton, babban maginin unguwannin Landan, mahaifin mai zanen gine-gine Decimus Burton, Haliburton ne ya gutsure kan sunan ya bar gindin. Manyan Burton uku ke nan, ba wanda kakansa ya fito daga wani ƙauyen Burton ta wajen suna.

A ɓangarenmu na duniya hanyoyin da irin sunan nan ke shigowa gida sanannu ne, kuma jini shi ne mafi ƙaranci a cikinsu. Akwai hanyar baftisma: yaron nan Ajayi da aka ƙwato daga jirgin bayi a 1822 aka kai Saliyo, da aka yi masa baftisma a 1825 aka ba shi sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther, da shi kuma ya zama bishop a 1864. Abbega, ɗaya daga cikin samari biyun da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tafi da su Turai a 1855, shi da Dorugu, can aka laƙa masa Frederick Buxton, daga baya ya dawo ya zauna a Lokoja. Buxton ma sunan gari ne a Ingila, amma ba wanda ya taɓa cewa Abbega jinin mutanen can ne. Akwai Saro, zuriyar 'yantattun bayin Saliyo, da suka bi kogin Kwara da layin dogo suna aikin akawu da koyarwa ɗauke da sunayen Turawa. Akwai kuma hanyar da ta fi kama da labarin gidanku, ta ranar biya. Akawu na zaune da littafi da akwatin kuɗi, leburori da masu aikin gida sun yi layi, Audu huɗu ne a jerin. Sai ya rubuta Audu Kuku, Audu Dogo, Audu Bauchi, na huɗu kuma da yake yaron wani Bature ne mai suna Burton, ya rubuta Audu Burton. Sunan ya hau katin aiki, ya hau takardar fansho, ranar da aka kai ɗansa makaranta aka tambayi sunan uba, shi ke nan ya zauna. Lokoja kuwa, inda Lugard ya kafa tutar mulkin Arewa ranar 1 ga Janairu 1900, cike take a lokacin da sojoji da 'yan mishan da ma'aikatan kamfani, kowanne da kukunsa da yaronsa. Ban ce ba a haifi 'ya'ya tsakanin Turawa da matan ƙasa ba. An haifa. Amma suna shi kaɗai ba ya nuna wacce hanya ce taku.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an kawo irinsa: a ɗauka cewa suna ɗaya jini ɗaya ne, jini ɗaya kuma haƙƙi ne. A kan wannan kuskuren ɗan damfara ya kafa rumfarsa, ya jera kaya uku, tambari da gado da biza.

Tambarin nan da aka turo wa ƙanenka, a Ingila babu wani abu wai shi tambarin suna. Hukumar da ke kula da tambura, College of Arms da ke Landan, wadda Sarki Richard na 3 ya ba izini a 1484, ta sha faɗin haka ƙarara. Mutum ɗaya ake ba tambari, sannan ya gangara ga zuriyarsa ta wajen maza. Wanda ke son amfani da shi sai ya nuna silsilarsa, uba bayan uba, har zuwa ga wanda aka ba. A tsofaffin kundayen tambura akwai na masu suna Burton iri-iri, kowanne na gida daban a gunduma daban. Masu shagunan intanet sai su buɗe kundin, su zaɓi wanda ya fi kyan launi, su buga a kofin shayi da riga da allon bango, su sayar wa duk wanda ya rubuta sunan. Cikin minti biyu ƙanenka zai iya samo hoton da aka turo masa, kyauta. Ya gwada a gaban Baba. Ya kuma rubuta Sutton ko Barton, ya ga su ma kowanne da garkuwarsa da hular ƙarfensa.

Batun gado shi ne mai haɗari, don an gauraya shi da gaskiya kaɗan. Gaskiya ne a Ingila da Wales in mutum ya mutu bai bar wasiyya ba kuma ba a san danginsa ba, dukiyarsa na komawa hannun gwamnati, akwai kuma sashe a ofishin lauyoyin gwamnati, Bona Vacantia, da ke riƙe da ita ko magaji zai bayyana. Daga bayanan irin waɗannan mamata 'yan damfara ke tsintar sunaye, sannan su shiga Facebook neman masu irin sunan a Najeriya da Ghana da Jamaika. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne dokar rabon gado ta 1925 ta jera magada dalla-dalla, kuma jerin gajere ne: miji ko mata, sai 'ya'ya da jikoki, sai iyaye, sai 'yan'uwa shaƙiƙai da zuriyarsu, sai 'yan'uwan da aka haɗa uba ko uwa kaɗai da zuriyarsu, sai kakanni, sai baffanni da kawunnai da gwaggonni da innoni da zuriyarsu. Nan aka ja layi. Ma'ana, in ba mata ko miji ba ne kai, dole ka fito daga tsatson kakan mamacin ko kakarsa. Wanda suka haɗu da mamaci a kakan kaka ma ba ya cin ko sisi, balle wanda suka haɗu a haruffa shida. Babu layin da aka rubuta "mai irin sunansa". Akasin haka ma ya fi yawa: magadan gaskiya sau da yawa ba sa amsa sunan mamacin sam, don ta wajen mata suka fito.

Kuma mai haƙƙi ba ya biyan kuɗin buɗe fayil. Abin da ake nema a wurinsa takardu ne: zanen silsilar da ta haɗa shi da mamacin, da cikakkun takardun haihuwa da aure da mutuwa na kowane mutum a silsilar, da shaidar ko shi wane ne. Ana karɓar da'awa har shekara 30 daga ranar mutuwar, saboda haka duk mai ce maka "sati ɗaya ya rage a rufe" ƙarya yake yi. Harajin gado daga cikin dukiyar ake cire shi kafin a raba, ba magaji ke aikowa da shi daga aljihunsa ba. Kamfanonin neman magada na gaskiya suna nan, amma kamashonsu daga kason magaji suke yanka bayan kuɗi sun fito. Wanda ya ce ka fara turo kuɗi, kuma a asusun wani mutum a bankin gida, ka san inda aka dosa. Miliyan 2 ɗin nan kuma somin taɓi ne. Bayan buɗe fayil sai kuɗin hatimin kotu, sai haraji, sai takardar shaidar cewa kuɗin ba na ta'addanci ba ne, sai goron jami'in banki. Kowane biya shi ne "na ƙarshe". Wanda ya riga ya sayar da fili ba ya iya tsayawa, don tsayawa na nufin ya yarda filin ya tafi a banza, sai ya sayar da gida ya bi bayan fili. A hanya kuma sun karɓi hoton fasfo da lambar NIN da BVN, waɗanda za su yi wa wani aiki da su da sunan Baba.

Abin takaici, mu da duniya ta sa wa wannan sana'a lambar sashen dokarmu, 419, mu ne kuma ake kamawa da ita a cikin gida.

Wani lokaci in ka matsa, sai mutumin ya sauya murya ya ce, to ai ba sai dangantakar ta zama gaskiya ba, shi zai shirya takardun, ku dai ku sa hannu a raba. Nan ne mutum ke tashi daga wanda aka zalunta ya koma abokin laifi, kuma shi ya sa da yawa ba sa iya kai ƙara bayan an wanke su. Da'awar ƙarya a kan dukiyar mamaci zamba ce a dokar can da ta nan. Tunda da sallama ka buɗe, bari in ƙara da cewa aya ta 5 a Suratul Ahzab ta yi umarni a kira mutane da sunan ubanninsu, malamai kuma sun tsananta a kan mai jingina kansa ga wanda ba ubansa ba yana sane. Amsa sunan da ya zauna a takardu shekara 80 ba laifi ba ne. Amma dattijo ya je kotu ya ɗaga hannu ya rantse cewa kakansa wani Bature ne da bai taɓa jin cikakken sunansa ba, don a ba shi gidan wani, wannan wani abu ne daban, ko da kuɗin gaskiya ne, balle babu su.

Sai biza. Akwai bizar zuriya ta Birtaniya, ta shekara 5, ga 'yan ƙasashe renon Ingila, har da Najeriya da Ghana da Kamaru. Sharaɗinta shi ne a haifi ɗaya daga cikin kakanninka huɗu a Birtaniya, ka kai shekara 17, kana da niyyar aiki da ikon yin sa. Ba a tambayar sunan danginka. Ɗan gidan Musa da kakarsa aka haifa a Liverpool ya cancanta, Burton da kakanninsa duk 'yan Lokoja ne bai cancanta ba. Lura da lissafin gidanku: ko da maganar farko ce gaskiya, Baturen kakan Baba ne. Baba ne kaɗai da 'yan'uwansa za su shiga sharaɗin, kai da ƙanenka kun fita, don a wurinku kakan uba ne. Rashin ɗaurin aure tsakanin kakannin ba ya hanawa, amma ana son cikakkun takardun haihuwa da suka nuna wane ya haifi wane, hawa uku. Takardar rantsuwar da aka buga makon jiya a bakin kotu, wadda mai rantsuwar bai kai shekarun abin da yake shaida ba, ba ta maye gurbinsu. In kuma aka kama takardar jabu, hukuncin na iya kai hana shiga ƙasar shekara 10.

In kuna son sanin gaskiyar asalin sunan a gidanku, abu ne mai kyau, kuma ba ya cin miliyan. Daga gida ake farawa a yi baya, ba daga Ingila a gangaro ba. A sami mafi tsufa a dangi, galibi wata gwaggo ce, a ɗauki muryarta a waya, ita kaɗai, ba a cikin taro ba inda mai babbar murya ke gyara wa kowa labari. A tambaye ta sunan da mahaifiyar kakanku ke kiransa da shi, da sunan da abokansa ke kiransa, da wanda ya rene shi, da unguwar da suka zauna a Lokoja. A buɗe tsohon akwatin ƙarfe. Abin da ya fi daraja a ciki shi ne 'yar takardar shaidar aiki da Turawa kan rubuta wa kuku ko yaron gida in za su tafi, don tana ɗauke da sa hannu da kwanan wata da wurin aiki. In sa hannun Burton ne, kun sami amsarku. Bayan wannan sai rajistar baftisma da ta makarantar mishan a Lokoja, da gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Takardun ƙungiyar mishan ta CMS suna Jami'ar Birmingham, na kamfanin UAC suna garin Port Sunlight, duk a Ingila. A nemi sunan da rubutu daban-daban, Burton, Barton, Bolton, Button, don a bakinmu duk kusan abu ɗaya ake ji, akawu kuma abin da ya ji yake rubutawa.

Sai an sami cikakken sunan Baturen da shekarun zamansa da aikinsa sannan a tsallaka zuwa takardun Birtaniya. Jerin ma'aikatan gwamnatin mulkin mallaka da jerin fasinjojin jiragen ruwa da suka tashi daga Birtaniya tsakanin 1890 da 1960 za su nuna ko ya kasance a ƙasar a shekarar da ta dace. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati a Ingila da Wales ta fara ranar 1 ga Yuli 1837, ana duba jerin sunayenta kyauta a intanet. Ƙidayar jama'a mai sunaye tana nan daga 1841 zuwa 1921, ta 1931 ta ƙone a 1942. Kafin 1837 sai rajistar coci, wadda aka yi umarni da ita a 1538, amma da yawa ba su tsira daga farkonsu ba, akwai kuma giɓi a shekarun yaƙin basasa na 1640 da 'yan kai. Tsakanin lokacin da sunan ya zauna da lokacin da rajista ta fara akwai shekara sama da 100 da talaka ba ya barin sawu a takarda. Shi ya sa Baturen Ingila ma mai suna Burton, da duk takardunsa a hannu, da wuya ya iya nuna maka ƙauyen da sunansa ya fito. Wanda ya gano naku cikin mako guda daga Facebook, sai a jinjina masa.

Gwajin DNA na iya raba gardamar dangi, in an san yadda ake karanta shi. Baba za a gwada, ba kai ba, don kowane hawa rabi yake zubarwa. In kakansa Bature ne, kusan kashi 25 cikin 100 na sakamakonsa zai nuna Turai, naka kusan 12 da rabi. In aka ga babu ko kaɗan, maganar ta mutu. Amma ga tarkon da Hausawa musamman ke faɗawa. Gwajin layin uba, wanda ke bin ƙwayar Y daga uba zuwa ɗa, yakan fito wa Bahaushe da layin da ake kira R1b, ya duba intanet ya ga an ce shi ne layin da ya fi yawa a yammacin Turai, sai murna. A duba reshen. Na mutanen Ingila galibi ƙarƙashin reshen M269 yake. Akwai wani reshe, V88, da ya yi dubban shekaru a yankin tafkin Chadi da arewacin Kamaru da ƙasar Hausa, yana da yawa a tsakanin masu harsunan dangin Hausa. Wanda ya ga V88 kakanninsa na nan ya gani, ba Bature ba. Ko M269 ɗin ne ya fito, abin da ya nuna shi ne akwai Bature a layin, bai ce Burton ba ne, bai kuma ce mamacin nan danginku ba ne.

Shi kuwa Baba, kada ku taru a kansa kuna ce masa an yaudare shi. Dattijo ba ya son 'ya'yansa su nuna masa ya yi wauta, sai ya ƙara kafewa. Ku ce masa kun yarda a bi maganar, amma kafin a biya, mutumin ya amsa abu uku a rubuce: cikakken sunan mamacin da ranar mutuwarsa da garin da ya mutu, sunan ofishin lauyoyin da lambar rajistarsu, sannan silsilar da ta haɗa Baba da kakan mamacin, suna bayan suna. Lambar lauyoyin ana duba ta kyauta a shafin hukumar da ke sa ido a kansu, Solicitors Regulation Authority. In akwai ofishin, ku kira lambar wayar da ke shafin hukumar, ba wadda mutumin ya ba ku ba, don sukan ari sunan ofishin gaskiya. Sunan mamacin kuma a neme shi a rajistar wasiyyoyi da izinin rabon gado ta gwamnatin Birtaniya, wadda ke buɗe ga kowa tun daga 1858. Tambaya ta uku ba zai amsa ba, zai ce lokaci na ƙurewa. Kafin ku toshe lambarsa, ku ɗauki hoton duk hirar da lambar asusun da ya turo, ku kai ofishin EFCC mafi kusa, ƙanenka kuma ya sanar da bankinsa idan ya riga ya aika da BVN ko hoton katin kowa.